Buhunan Tamale

Buhu na san shi tun ban san baƙi da wasali ba. Kakana na wajen uwa ɗan dako ne a Kano, yana cikin leburorin da suka yi ta hawa da buhun gyaɗa a ka suna gina dala a Ƙofar Mazugal. Ban riski dalar ba, amma na riski basillarsa soke a jikin azarar zaure, da wani tsohon algarara da kakata take shanya kuɓewa a kai. Shi ya sa ranar da ɗan kawuna ya ce mini a Kumasi wai akwai wani mutumin Tamale da ke ɗinke tsofaffin buhuna yana lulluɓe gine-ginen Turai da su, har ana biyansa kuɗi masu nauyi, haushi na fara ji tun kafin mamaki.

Biki ne ya kai ni Gana a hunturun da ya wuce. Kawu ya haura shekara arba'in a zangon Kumasi yana harkar goro, can ya yi aure, can ya hayayyafa. Autansa ɗalibi ne a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, inda shi mai buhunan, Ibrahim Mahama, ya yi karatun zane. Yaron ya nace sai mun je na gani da idona. Kawu kuma dama yana da tsohon aboki a Tamale da ya jima yana son dubawa, sai ya ce shi ma a yi da shi, amma a sani shi ba kallon tsumma zai je ba.

Mun bar Kumasi bayan asuba. Har Techiman daji ne kore shar, ana wuce Kintampo sai itatuwa suka fara tazara, kaɗanya da ɗorawa da kuka suka bayyana, hazo ya rufe sama kamar mutum yana hanyar Daura. A gefen titi buhunan gawayi ne jere, an toshe bakinsu da ciyawa, mata na zaune a inuwa suna jiran mai saye. Muka haye kogin Baƙin Bolta a Buipe, muka haye na Farin Bolta a Yapei. A nan Kawu ya nuna gabas da sandarsa ya ce can Salaga take, Gwanjar da fatakenmu suke yi wa tafiyar watanni da jakuna, su kai kanwa da baƙin rini da fata, su dawo da goro. Ya ce shi kansa Alhassan Ɗantata da fataucin goro a wannan ƙasa ya fara, kafin gyaɗa ta ɗaga shi. Wajen sa'a bakwai muka yi kafin mu shiga Tamale, garin Dagwamba, garin babura, inda mata ke tuƙa mashin da goyo a baya ba wanda ya waiga. Da dare muka ci tuwo da miyar ayoyo. Tuwon zafi suke ce masa, da sunansa na Hausa.

Washegari muka hau keke mai ƙafa uku zuwa bayan gari, wurin da Mahama ya gina, wanda ake kira Red Clay. Tun daga nesa abin da na fara hangowa wutsiyar jirgin sama ce a tsakiyar ciyawa, ga wasu manyan gine-gine na jan bulo, dogaye kamar sito. Ba a karɓi ko kwabo a ƙofa ba. Wani saurayi da ke aiki a wurin ya tare mu, ya rusuna ya gaida Kawu da Hausarsu ta Gana, ya shige gaba.

Ɗakin farko da muka shiga, bangonsa guda buhu ne tun daga sama har ƙasa. Na ga hotuna a wayar autan Kawu tun muna mota, amma hoto ba ya ɗauko wari. Warin gawayi da ƙura da tsohon mai da gumi, irin wanda ke dukan hancinka idan ka shiga sito a Dawanau da rana tsaka. Na matsa kusa. Kowane buhu da fuskarsa. Wani ya yi baƙi ƙirin, wani ja-ja, wani ya koɗe har ana ganin haske ta cikin saƙarsa. Ga hatimin hukumar koko ta Gana ya dushe, a kansa kuma wani ya rubuta haruffan sunansa da fenti, wani ya zo ya soke ya rubuta nasa. Ga faci a kan faci, wani da igiyar rama, wani da zaren leda shuɗi, wani da ƙyallen atamfa.

Saurayin ya ba mu tarihin buhun tiryan-tiryan. A Indiya da Bangaladash ake saƙa shi, a shigo da shi Gana don ƙwayar koko, wadda ake yin cakulan da ita. Gana ta daɗe tana ta biyu a duniya wajen noman koko bayan Kwaddibuwa, buhu ɗaya kilo 64, buhu 16 ke cika tan. Idan ya gama aikin koko sai ya faɗo hannun 'yan kasuwa, ya ɗauki masara, ya ɗauki shinkafa, ya yi ta sauka mataki-mataki har ya ƙare a gawayi, wanda daga shi sai bola. A wannan gaɓar Mahama ke karɓarsa, sau da yawa ya ba masu shi sabo a madadin tsohon, sannan a tara mutane su ɗinke su wuri guda da hannu. A 2015 marigayi Okwui Enwezor, ɗan Najeriya da ya jagoranci babban bajekolin fasaha na birnin Benis a Italiya, ya gayyace shi, ya lulluɓe bangon wani dogon lungu da su. A 2016 ya rufe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Akra, garin da tsofaffinmu ke kira Ankara. A 2017 ya rufe wasu tsofaffin gidajen gadi biyu a Kasel ta Jamus. Duka-duka a 1987 aka haife shi, a nan Tamale.

Kawu bai saurari rabin wannan ba. Ya jingine sandarsa, ya sa yatsa yana bin wani ɗinki. Ya ce, “Wannan mace ce ta ɗinka, dubi yadda ta matse shi. Wannan kuwa na mai gaggawa ne, mota na jiransa.” Ya ja wani gefe da ya yage ya ce nan ƙugiya ce ta kama, irin wadda lebura ke fizgar buhu da ita daga kan tirela. Ya daɗe yana karanta bangon nan kamar allo. Can sai ya juyo, fuskarsa ta canja, ya dubi saurayin.

“Yaro, nawa Bature ke sayen irin wannan?”

Saurayin ya ce kuɗi ne masu yawa, Baba, shi ne ma aka gina nan da su.

“To wanda ya ɗauki buhun a ka, nawa ya samu? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Ubana wuyansa ya ƙare a ƙarƙashin irin wannan. Da ya tsufa ko waiwaye ba ya iya yi sai ya juya jikinsa duka. Ba wanda ya rataye shi a bango.”

Muryarsa ta ɗaga har wasu 'yan makaranta da ke wucewa suka tsaya. Autansa ya so ya ja shi waje, na riƙe hannun yaron. A raina na ce a bar shi, ai wannan tambayar ita ce abin da bangon ke nema a yi. Saurayin ma bai yi gardama ba. Ya ce masu ɗinkin ana biyansu ladan aikinsu, da yawansu 'yan ci-rani ne daga arewa, har da mata masu dako a kasuwannin kudu. Kayaye ake kiransu, rabin kalmar tamu ce, kaya, ɗaya rabin kuma ta yaren Ga, mata. Ya ce amma Baba ya yi gaskiya, ladan ɗinki daban, farashin da ake saye a Landan daban.

Wannan amsar ta fi mini daɗi a kan a ce ya kare ubangidansa. Ni ma har yau ban ga yadda za a cike wannan ramin ba. Attajirin da ya sayi aikin ya kafa a falonsa, wahalar talaka ya saya ya yi ado da ita, kuma ba lallai ne ya rasa barci ko na dare ɗaya ba. Na sha jin masu cewa fasahar zamani ta daina tayar wa kowa hankali, duk abin da mai zane ya fito da shi don ya girgiza masu kuɗi, su ne za su fara sa masa farashi. A kan Benis da Landan ina jin suna da hujja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganar ta ƙare a can. Na ga dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda bai taɓa taka gidan bajekoli ba, wanda ya zo da niyyar raini, yana rawar murya a gaban tsumma yana ambaton ubansa. Shekara nawa muna tare, ban taɓa jin ya yi zancen wuyan kakana ba sai ranar.

Kuma tun da nake ganin hoton dalar gyaɗa a littattafan makaranta, ban taɓa tunanin masu ɗauka ba. Ana ce mana dala guda takan ci buhu kusan 15,000, ana nuna ta a matsayin alamar arzikin Arewa, ana jimamin ɓacewarta bayan fari da cutar gyaɗa da zuwan man fetur a shekarun 1970. Sunan attajiran da suka tara ta kowa ya sani. Buhu 15,000 kuwa hawa 15,000 ne a kan wuyan wani. Sai da na je wata ƙasa, na tsaya gaban buhun da ba na gyaɗa ba, sannan lissafin ya zo mini.

Muka fito fili. Jiragen sama ne tsofaffi da suka daina tashi, Mahama ya saye su, aka jawo su a kan manyan motoci tun daga kudu. Na taka matakala na leƙa cikin guda. An cire wasu kujerun an mai da cikinsa aji. Yara ne kusan ashirin cikin kayan makaranta, wasu a kan kujera, wasu a ƙasa, kowa da takarda da fensir. Wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba ta manne da taga, ta lanƙwasa harshe a gefen baki, tana zana fiffiken da take hangowa, har da ƙusoshin da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Hijabinta ya zame ba ta kula ba. Malamarsu ta ce mini daga wani ƙauye suka zo, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin jirgi a ƙasa ba sai dai ɗigo a sama. Wani yaro ya tambaye ni da Hausa ko na taɓa hawan mai tashi. Na ce e. Ya ce to idan yana sama, ƙasa ce ke tafiya ko shi? Na tsuguna muka yi ta maganar har aka kira su.

Taragun jirgin ƙasa da ke gefe su suka fi ba ni tunani. Turawan mulkin mallaka sun kai dogo Kumasi daga Sekondi a 1903, suka haɗa Akra da Kumasi a 1923, don zinariya da katako da koko su isa teku. Daga nan ba su ƙara gaba ba. Arewacin ƙasar sun ɗauke shi rumbun leburori, wurin da ake ɗebo ƙarti a kai ma'adinai da gonakin koko. Mu a Kano dogo ya iso tun 1911 saboda akwai abin da suke son kwasa, su kuwa nan mutanen ne abin kwasar, kuma mutum da ƙafarsa yake zuwa. Har yau jirgin ƙasa ba ya zuwa Tamale. To ga tarago a Tamale, an kawo shi a bayan mota an ajiye a kan jar ƙasa, yara na shiga suna fita. Duk wanda ya san tarihin, ya gan shi zaune a wurin, ba ya buƙatar a rubuta masa bayani a allo.

Akwai kuma wani zaure mai zurfi da matakalai kewaye, wanda suke kira majalisar fatalwa. Asalinsa wani aiki ne da Mahama ya nuna a Mancesta ta Ingila a 2019, inda ya jera tsofaffin kujerun jirgin ƙasa kamar zauren majalisa, babu kowa a kansu. A nan Kawu ya samu wuri ya zauna, ya ciro goro ya ɓare, ya miƙa wa saurayin nan rabi. Ya ce abu ɗaya dai ya yaba, bai ga gunki ko ɗaya ba. Saurayin ya yi murmushi ya karɓa da hannu biyu.

Da la'asar muka biya ta sauran wurare biyu da Mahama ya kafa a garin, a gurguje. Cibiyar fasahar zamani ta SCCA da ya buɗe a 2019 tana cikin gari, kuma abin da ya burge ni shi ne ba da aikinsa ya buɗe ta ba, da na wani dattijon mai zane ne, Kofi Dawson, wanda ya shafe shekaru yana aiki ba a san shi sosai ba. Sai Nkrumah Volini, wani ƙaton rumbun siminti daga zamanin Nkrumah, shugaban Gana na farko, cikin waɗanda aka yi watsi da su bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966. Ya saye shi, aka kwashe shara da ƙasar da ta cike shi, aka buɗe wa jama'a a 2021. Jemagun da suka mai da shi gida an bar su a ciki. Muna tsaye ana jin kukansu a sama cikin duhu.

Daren nan na kasa barci da wuri. Shekara huɗu na yi karatu a Zariya, garin da a 1958 wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ce ba za su yi ta kwaikwayon zanen Bature ba, za su koma ga abin da suka gada. Kullum ina wuce sashen zane a hanyata ta zuwa aji, ban taɓa leƙawa ba, don na ɗauka harka ce ta wasu mutane daban. Da a ce akwai wanda ya ja hannuna ina ɗan shekara tara ya shigar da ni irin wurin da yarinyar nan ta shiga, ban san me zan zama ba, amma na san da ban kai wannan shekarun ina jin abin ba nawa ba ne. A ganina nan ne aikin Mahama ya fi ƙarfi. Lulluɓe gini a Jamus ya yi kyau, jaridu sun ɗauka. Amma ɗauko kuɗin Jamus ɗin a zuba su a bulo a bayan garin Tamale, a bar ƙofa a buɗe, wannan ya fi wuya, kuma shi ne zai sa duk mai hali a yankin da ya gina otal ko gidan mai ya ji an yi masa tambaya ba tare da an kira sunansa ba.

Ba na so in zuzuta. Da safe a tasha, motar da muka shiga akwai 'yan mata biyar a kujerun baya, babbarsu ba ta fi sha bakwai ba, kowacce da ƙaton kwanon silba da ƙullin kaya. Kasuwar Kejetia ta Kumasi za su, dako. Jirgin da ke ajiye a Red Clay bai hana su tafiya ba, kuma ba na jin sun san da shi. Ɗaya ta yi ta kallon taga har muka wuce Yapei, ba ta ce uffan ba. Kawu ya saya musu ƙosai da ruwa, ya tambaye su ko suna da wurin sauka. Suka ce akwai wata yayarsu.

Bayan Buipe direba ya tsaya shan iska daidai wurin masu gawayi. Kawu ya sauka, na bi shi. Ya yi ciniki kamar yadda ya saba, ya taya, ya juya baya, ya dawo, sai da matar ta rage masa. Da ta sa yaronta ya ɗauko wanda ke cikin sabon buhun leda, sai ya ce a'a, wancan yake so, ya nuna wani tsohon algarara a ƙarshen layi, baƙi, mai faci uku. Matar ta ce, “Alhaji, wannan ai ya kusa mutuwa.” Ya ce ya sani. Ya tambaye ta wa ya yi facin. Ta ce ita ta yi biyu, na ukun da shi ta same shi.

A Kumasi ya juye gawayin a madafa, ya fita tsakar gida ya kakkaɓe buhun da kansa, bai bari yara sun taɓa ba. Ranar da zan taho, ina ɗaure kaya, ya shigo da shi a ninke cikin leda ya tura a jakata ƙarƙashin goron da ya ba ni tsaraba.

“Ka kai wa babarka,” ya ce. “Ka nuna mata facin tsakiya. Irin ɗinkin Baba ne.”